Simintin da Na Shafa wa Zauren Ubana

Ni magini ne, ɗan magini, jikan magini. Da hannuna na kashe zauren da ubana ya gina a Katagum, kuma ba ƙeta ce ta sa ni ba, so nake in cece shi. Na faɗi wannan tun farko don kada mai karatu ya zauna yana jiran wani mugu ya shigo labarin. Ba wanda zai shigo sai ni, da buhunan simintin da na ɗora wa jakuna, da wayon da a lokacin nake ganin na fi kowa.

Rubutun boko da girma na koye shi, a ajin manya da ake yi mana da la'asar a gindin wata tsamiya a Azare. Ina da furfura a gemu, malaminmu kuwa bai kai sa'an ƙanena ba. Saboda haka in an ga maganata tana karkacewa a yi haƙuri, hannun da ya tsufa yana mulmula tubali ba ya jin daɗin riƙe fensir. Na dai duba na ga in ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru ba mai tuna an taɓa yin zauren, balle a san yadda ya tafi.

Na tashi na tarar Katagum ta riga ta fara ramewa. Tun ina goye aka ɗauke sarauta aka kai Azare, alƙali ya bi, attajirai suka bi, aka bar garin kamar rigar ƙato a jikin majinyaci. Masu sana'a da yawa sun tashi, don magini ba ya cin tuwo a garin da ba a gini. Ubana ya ƙi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa da saurin fushi, in ka ce masa gabas sai ya leƙa yamma ya ga abin da kake ɓoye masa. Ya ce ƙasar Azare yashi ya yi mata yawa, shi kuwa ba zai tsufa yana lallashin yashi ya tsaya ba. Da aiki ya yi ƙaranci, maimakon ya zauna ƙofar gida yana zagin zamani kamar sauran tsaransa, sai ya ce zai gina wa kansa zaure irin wanda ya saba gina wa manya, mai ɗaurin guga, wato rufin ƙasa da ake ɗora wa bakuna biyu su gitta juna a tsakiya ba ginshiƙi ko ɗaya. Mutane suka yi ta dariya, wai talaka da ɗaurin guga. Shi ko kallonsu bai yi ba.

Shekarar da na fara cika azumi aka haƙa tushe. Rani biyu muka yi muna aikin. Ƙasar daga bakin fadama muke ɗebo ta, mu cuɗa ta da ciyawa da kashin doki, mu tattake, mu bar ta ta ruɓa, mu sake jiƙawa mu tattake. In na ce ta yi, sai ya ɗebo ya shinshina ya ce da saura. Azarar da za a yi bakunan da ita shi da kansa ya zaɓi giginyar, namiji tsoho, ya ce ta mace gara take yi wa biki. Ya riƙa ɗaure azara kan azara, kowace tana leƙowa gaba kaɗan, yana yaɓe ta da laka yana jira ta bushe, har bakunan suka haɗu a sama. Ranar da suka haɗu bai ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, ya dai zauna a ƙasa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in kawo masa ruwa.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne zanen goshin zauren. Ubana ba ya zane da wuƙa ko cokali, da yatsa yake yi a ɗanyar laka. Yatsansa manuni na dama azara ta taɓa faɗo masa tun yana saurayi, ya warke a karkace, farcen ya rabe biyu. Don haka duk layin da ya ja sai ya fito da 'yar tsaga a tsakiya, ko makaho ya shafa ya san aikin wane ne. Zanen kansa ba shi da suna. Akwai wurin da ya yi kama da igiyar rijiya a naɗe, akwai wurin da ya yi kama da ƙahon bijimin Fulanin da ke shayarwa a kogi, sai su shige cikin juna har ka rasa inda ɗaya ya ƙare. Na taɓa tambayarsa a ina ya gano shi. Ya ce, "Da na gano shi a wani wuri, me zai sa in yi?"

Na daɗe ina juya wannan magana. Duk gidan da magini ya gina, sunan mai gida ake kira. A ce soron wane, a ce zauren wane, wanen nan kuwa ko tubali ɗaya bai taɓa ɗagawa ba. Haka masaƙi, haka baduku. Riga in ta yi kyau wanda ya sa ta ake yi wa barka. Ubana ya gina wa mutane gidajen da ba zan iya lissafawa ba, a cikinsu duka wannan kaɗai ne in an ce zauren wane, an faɗi mai shi an kuma faɗi wanda ya yi shi. Shi ya sa nake cewa ba ɗaki ba ne kawai a wurinmu. Shi ne abu ɗaya tak da ya yi don ransa ya so, kuma bayan rasuwarsa shi ne abin da ya rage da za a nuna a ce ga hannunsa.

To amma ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara, in bazara ta kama, kafin hadari ya fara haɗuwa, dole a yi yaɓe. Rufi da goshi kuwa laso ake shafa musu don ruwa ya zame. Laso kuma magini ba ya iya yin sa shi kaɗai. Sai ka je marina ka karɓo katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar baban rini, wanda ake ƙonawa a daka. Sai ka je majema ka kwaso gashin awakin da suka kankare. Sai wani ya shiga daji ya tono maka saiwar dafara, a daka ta a jiƙa ta yi yauƙi. Abin da marini ya zubar da abin da majemi ya zubar, su ne rigar ginin. Ina yaro ban ga abin mamaki a nan ba. Sai da na girma na gane ashe zaurenmu a kan mutum huɗu yake tsaye, in ɗaya ya janye ƙafa sauran sun ji a jikinsu.

Ranar yaɓe gayya ake yi. Samarin unguwa su fito, masu cuɗa na cuɗawa, masu jifa na jefa curi sama, wanda ke kan bango yana cafewa. Mata su yi ta jigilar ruwa daga kogi. Inna, mahaifiyata, tun jajibere take dakan gero, Fulani su kawo nono a dama fura a manyan ƙore. Ana aiki ana tsiya, wanda curinsa ya kuɓuce ya faɗo a ce matarsa ba ta ba shi tuwon safe ba. Gobe kuma a koma gidan wani. Goshin zaure ne kawai ba mai taɓawa sai ubana. Yakan shafa laso siriri, sannan ya bi tsohon layi da yatsansa ya sake fito da shi. Da ya rasu, ina da 'ya'ya biyu a lokacin, sai aikin ya dawo kaina. Ni ba zana shi nake yi ba, bin sawu nake yi. In sa yatsa a cikin kwarin da ya bari in bi shi har ƙarshe, in na zo 'yar tsagar nan in lallaɓa kada in shafe ta.

Bayan rasuwarsa ban daɗe a Katagum ba. Iyali sun ƙaru, aiki babu. Na tattara na koma Azare, wajen yashin da ya raina. Na roƙi Inna ta biyo ni, ta ce ita da zauren tare aka bar su. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "kai wannan". Ta ce, "Kai wannan, je ka nemi abincinka. In bazara ta yi ka san hanya."

A Azare na shiga aikin hukuma, a nan na haɗu da siminti da bulo da kwano. Ba zan yi ƙarya ba, sun burge ni. Ka kwaɓa abu da safe, kafin gobe ya zama dutse, ba ruɓarwa, ba shinshinawa, ba jiran marini. Ana kawo mana takarda da zanen ɗaki a jiki, wanda ya zana bai taɓa ganin filin ba, mu dai mu ja igiya mu bi. In ka ƙara wani abu na kanka, ko 'yar ƙawa ce a bakin taga, a ce ka rushe. Da farko abin ya ci mini rai, daga baya na saba, har na fara jin daɗinsa, don wanda ba a tambayi ra'ayinsa ba, ba a kama shi da laifi. Na zama babba a cikin magina, ina yawo da ma'auni a aljihu. In na ga tsoho yana mulmula tubali sai in ji tausayinsa, ban san ni ne abin tausayi ba.

Duk da haka kowace bazara ina zuwa Katagum. Kwana biyu ne a ƙasa, in kwana a Sakwa in ƙarasa da hantsi. Sai dai kowace shekara masu fitowa gayya raguwa suke yi. Samari sun tafi cin rani, wasu suna dakon gyaɗa a Azare, wasu sun wuce Kano ba su dawo ba. Waɗanda suka rage suka fara tambayar nawa za a ba su. Ban ga laifinsu ba, ni ma don kuɗi na bar garin. Sai marina ta fara mutuwa, tun da yadin kanti ya cika kasuwa da launinsa a jiki. Rijiyoyin baba suka bushe ɗaya bayan ɗaya, yara na zuba shara a ciki. Aka wayi gari mai rini ɗaya ya rage, wani tsoho abokin ubana da muke kira Baba marini, hannunsa shuɗi har gwiwa. Katsin da yake tara mini a shekara bai isa rabin rufi ba.

Ga kuma bazara ita ce lokacin da aiki ya fi tsanani a Azare, kowa na son a rufa masa kafin ruwa. Kowace shekara sai na yi roƙo kafin a ba ni kwana goma. Bayana ya fara ciwo. Shekara ta ƙarshe da na yi yaɓe da laka, mu uku muka yi shi, ni da wasu dattawa biyu da curi ke gagarar su jefawa. Da na sauko na zauna a kan dakali ina haki, na dubi zauren na ce a raina, in na mutu fa? 'Ya'yana ba wanda ya iya, makaranta suke, kuma ni na sa su. Damina biyu ba yaɓe, ta uku sai labari. A nan shawarar ta zo mini, kuma har yau in na tuna yadda na ji daɗinta sai kunya ta kama ni. Na ce zan lulluɓe shi da siminti, rufi da bango da goshi, sau ɗaya a huta har abada.

Da bazara ta zagayo na iso da jakuna shida. Inna ta fito ta tsaya tana kallon buhunan.

"Kai wannan, mene ne wannan kuma? Gari ka kawo mini?"

"Siminti ne, Inna. In na shafa masa, ba sauran yaɓe. An gama ke nan."

Ta ce, "Ubanka dai ban taɓa jin ya ce an gama ba."

"Zamaninsa babu wannan ne, Inna. Da ya gan shi da ya yi murna."

"To, in ba yaɓe, furar fa? Wa zan dama wa?"

Na yi dariya na ce ta huta da daka, ai ta tsufa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta juya ta shiga ciki, ni kuwa na ɗauka rigimar tsufa ce.

Baba marini ya zo da sandarsa ya tsuguna, ya ɗebi garin simintin ya murza a yatsu. Ya ce, "Ɗan magini, wannan abu yana shan ruwa?"

"Ko ɗigo ba ya sha, Baba. Amfaninsa ke nan."

"In bai sha ba, ba ya fitarwa ke nan. Ƙasa kuwa in ta sha da damina, da rani take amayarwa. In ka toshe mata, ta ina za ta yi?"

Na ce, "Baba, kai rini ka sani. Bar mana gini."

Ya tashi yana dogara sanda, ya ce, "Haka ne. Allah ya sa kada garin neman gira a rasa ido." Ya bar mini ɗan buhun katsin da ya tara mini a shekarar a bakin ƙofa, ban ko buɗe shi ba.

Kwana biyar na yi ina shafe. Da na zo goshi na tsaya. Na so in bi layin ubana kamar yadda na saba, amma siminti ba laso ba ne, yana da kauri, yana cin fata, kuma kafin ka bi layi ɗaya sauran ya kama. Na gwada, yatsana ya fashe, layin ya fito kamar sawun kaza. Haushi ya kama ni, na ɗauki cokalin gini na shafe gaba ɗaya sumul. Na gaya wa kaina zanen yana nan a ƙarƙashi, a adane, ba ruwan da zai taɓa shi. Da aka gama mutanen gari suka zo kallo, suna ƙwanƙwasawa suna cewa kamar ofis. Na ji kaina ya kumbura. Inna ta fito da yamma ta ɗaga kai ta dubi goshin, fari fat ba komai a jiki, ta daɗe tana kallo, sannan ta koma ciki.

Bazarar da ta biyo baya ban je ba. Me zai kai ni, tun da an gama? Na aika mata da turmin atamfa da goro ta hannun wani mai jaki. Aiki ya yi yawa, na ce sai da kaka. Kaka ta zo na ce sai bayan salla. Bazara ta biyu ma ban je ba. Ba wai na manta da ita ba ne, kullum tana raina. Amma mutum ba ya tafiyar kwana biyu don abin da ke ransa kawai, sai in akwai abin da zai lalace in bai je ba. A da zauren ne ke ja na ta wuya ya kai ni gaban uwata kowace shekara, ni kuma na je da kuɗina na yanke igiyar. Wannan ban gane shi ba sai da lokaci ya ƙure.

A damina ta uku, cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi, wani mai kifi daga Katagum ya same ni a kan gini da rana tsaka. Ya ce zaurenmu ya zauna, wato ya rushe. Ba wanda ya ji ciwo, Inna tana cikin gida tana tankaɗe lokacin da abin ya faru, an mayar da ita gidan maƙwabta. Na sauko daga tsani. Ban ko koma gida na sauya riga ba.

Da na isa na ga abin da ya faru, kuma duk magini zai gane shi da kallo ɗaya, har da ni da na yi. Siminti ya tsage tun raninsa na farko, tsaga siririya kamar gashi wadda ba mai lura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan kuwa ruwa ne ya samu. Ya shiga, ya rasa ta inda zai fita, rana ba ta isa ta tsotse shi ba. Shekara uku ƙasar na jiƙe a ciki tana narkewa, gara ta bi damshi ta cinye azarar da ubana ya zaɓa da hannunsa, a waje kuwa fes, har ana kawo baƙi kallo. Da laka ce tsirara, da tun damina ta farko ta nuna inda ke mata ciwo, wani ya ɗebi curi biyu ya toshe. Baba marini ya faɗa mini wannan da bakinsa, shi da na ce rini kawai ya sani. Ban samu na ba shi haƙuri ba, ya rasu da ranin da ya wuce, ban ma ji ba.

Na sami Inna zaune a kan tabarma a rumfar maƙwabta. Ta rame, idonta ya fara yin hazo. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa ɗaga kai. Na shirya jin faɗa, har ina fatan ta yi, ko na ji sanyi. Ta miƙo hannu ta shafa kaina kamar tana tabbatarwa ni ne.

"Kai wannan," ta ce, "ashe sai ya faɗi za ka zo."

Ba da fushi ta faɗa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a gaban matan gidan, da gemuna da komai.

Na rantse mata zan sake gina shi kamar yadda yake. Na zauna har ruwa ya ɗauke, na fara kwashe ɓaraguzai. A nan na gane rantsuwar banza na yi. Ba katsi, don ba marini. Ba gayya, don ba samari. Ɗaurin guga kuwa na taya an yi ina ɗan shekara goma sha, tun daga nan ban sake ɗaure baka ba, hannuna ya saba da igiya da bulo. Na ce to ko zanen in fitar a jikin katanga. Na kwaɓa laka na shafa, na ɗaga yatsa, na tsaya. Shekara goma sha ina bin layin nan, amma ban san daga ina ya fara ba. Yatsana ya san bi, bai san ja ba. Na yi ta ɓata laka har la'asar, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba.

Ina cikin kwashewa na juya wani ɓallin siminti mai faɗin faifai, daga goshin ya ɓallo. A bayansa ga zanen ubana ya fito, a juye, inda yake kwari ya zama tudu. Har 'yar tsagar farcensa tana nan, siririya, a tsakiyar layi. Simintin ya ɗauki hoton abin da ya kashe ya riƙe. Na bi tarkacen ina juyawa ɗaya bayan ɗaya, mafi yawa sun farfashe, wanda ya fito sosai guda ɗaya ne. Na kai wa Inna na sa mata a cinya. Ta bi layin da yatsa a hankali har ta zo tsagar, ta tsaya a nan. Ta ce, "Shi ne." Ta miƙo mini abina.

Ƙasar zauren kuwa maƙwabta suka roƙa, na ce su ɗiba. Tsohuwar ƙasar gini ta fi taki, suka kwashe ta a mangala suka kai gonakin gero. Kafin shekara ta zagayo wurin ya zama fili, awaki na kwana a kai.

Inna ta yarda ta biyo ni Azare, tun da abin da take zaman dominsa ya tafi. Na ba ta ɗaki mai kwano, sabo, wanda na gina da hannuna. In rana ta take ya yi zafi kamar tanda, in ruwa ya sauko ƙarar ta hana ta jin magana. Ba ta taɓa ƙorafi ba. A lokacin kullum ina gida, safe da yamma ina gaishe ta, amma hirar ta ƙare. Ba ta ga bazara ta biyu a Azare ba.

Har yanzu ina aikin gini, kuma siminti nake shafawa, don shi ake biya. Masu tsofaffin soraye suna kira na su ce in lulluɓe musu su huta da yaɓe. Da farko ina gaya musu abin da ya same ni. Sai su yi dariya su ce tsufa ya fara taɓa ni, su kira wani yaro ya yi musu. Da na ga haka na daina faɗa, ina karɓar aikin, ina shafawa sumul, ina kuma sane da abin da ke faruwa a ciki. In na bi ta cikin gari ina ganin gidajen da na shafa, farare tas, nakan iya faɗin wanda zai riga wani zama. Ban san wanda zan gaya wa ya ji ba, kuma ko an ji, ba marinin da za a je wa.

Ɓallin simintin yana nan a gidana. Na so in rataye shi a bango, nauyi ya hana, sai na jingine shi a bayan ƙofa. 'Ya'yana sun san na kakansu ne, amma ba su san kakan ba, ba su kuma taɓa ganin zauren da idon hankali ba. Kwanan baya na dawo daga aiki na tarar an tokare ƙofar ɗakin girki da shi don iska na bugo ta, fuskar zanen tana ƙasa tana gogar turɓaya. Na tsaya zan yi faɗa, sai na tuna wanda ya fara rufe zanen nan. Na bar shi a wurin, don ƙofar tana bukatar abin tokarewa.